Kwaɗo a ɗakin baƙin Baba Ramalan

Baba Ramalan ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko yanzu da ya haura saba'in, idanunsa suka yi yana, gwiwar dama ta ƙi lanƙwasuwa, in ka shimfiɗa masa tabarma a bakinta zai zauna, takalmansa a kusa, kamar mai jiran a kira shi. Ƴarsa Hadiza, wadda ke aure a Damagaram, ta daɗe tana so ta ɗauke shi daga Arlit ta kai shi gidanta. Shi kuwa so yake ya ƙare kwanansa a gidan da ya gina a unguwar Bukoki. Maƙwabta suka shiga maganar don ya samu abin da yake so, amma saura ƙiris taimakon nasu ya zama abin da ya ɗora shi a mota.

Ni sakatare ne a ma'aikatar magajin gari, ɓangaren takardun haihuwa da na mutuwa. Aikin ya saba mini da raba abin da na gani da abin da aka gaya mini. Farkon rayuwar Baba Ramalan daga bakinsa na ji shi. Sauran a gabana aka yi, don katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Gure. Babarbare ne, ko da yake Hausa ta fi zama a bakinsa. A 1977 ya iso Arlit a bayan kamyon gero, yana yaron mota. Suka saɓa da direban a hanya, direban ya sauke kaya, ya sauke shi, ya juya. Bai san kowa ba. Ya yi ta kwana a bakin tasha har wani mahauci ɗan Tasawa ya lura da shi, ya ce ya taso ya biyo shi. A zauren mahaucin ya zauna har ya samu aiki.

"A lokacin," in ji shi, "ba wanda aka binne cibiyarsa a garin nan. Kowa da motar da ta zubar da shi."

Daga wanke motoci ya zama direban kar, wato babbar motar da ke kai ma'aikata ma'adini, inda ake haƙar yuraniyom. Shekara talatin da wani abu yana wannan. Tun kafin asalatu zai tada mota, ya bi unguwa unguwa yana kwasar mutane da hulunan ƙarfensu da gorunan ruwa, ya kai su ƙofa, ya kwaso waɗanda suka gama nasu pos ɗin, wato rabonsu na aiki, fuskokinsu duk sun yi fari. Shi bai taɓa shiga ramin ba. Yakan ce a ƙofa Allah ya ajiye shi, kuma a ƙofa ya fi sanin mutane.

Da ya auri Hassana ya samu fili a Bukoki, ɗakin da ya fara yi wa rufi shi ne na bakin ƙofa, ɗakin baƙi. Hassana ta yi watanni tana kwana a rumfar zana, tana kallon ɗaki mai rufi da ƙyaure da ba nata ba. Har ta tsufa tana yi masa gorin wannan.

Wanda bai zauna a nan ba sai an yi masa bayani. A da, kowane yanki da mai masaukinsa a Arlit. In mota ta iso, ƴan kamasho na tasha suka ga mutum ya tsaya da jakarsa yana waige-waige, sai su tambaye shi daga ina. In daga Maradi ne a nuna masa gidan wane, in daga Tawa ne gidan wane. Mutanen gabas na Ramalan ne, da duk wanda aka rasa inda za a kai shi. Ƙa'idar gidan biyu ce: ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci ya kwana, ba a kuma tambayarsa ranar tafiya. Tukunyar Hassana ba ta taɓa sanin girkin mutum biyu ba. Ni kaina a ɗakin na sauka a 1999, da aka turo ni aiki, da akwatin ƙarfe da takardar da ba ta ce ga inda zan kwana ba. Rabin magidantan layinmu ta wannan ɗakin suka shigo gari.

Cikinsu har da Hamadi. Bafillace ne daga wajen Abalak, ya zo yana saurayi, ya yi karatun aiki, ya hau har ya zama shef, wato shugaban pos, a ƙarƙashin ƙasa. Tsakaninsa da Ramalan akwai wasan Fulani da Barebari, kullum suna yi. Ramalan kan ce shi ya koya wa Hamadi kwana a ƙarƙashin rufi. Hamadi kan ce bawa ne ya shimfiɗa wa ubangidansa tabarma, mene ne abin labari.

Da aka rufe ma'adinin Akokan a 2021, a teburina na fara ganin garin yana zubewa. Mutane suka yi ta zuwa karɓar takardun ƴaƴansu don su sa su lakwal, wato makaranta, a wani gari. A layinmu gidaje da dama suka zama kango, wasu har ƙyaurensu suka cire suka tafi da shi. Sauran masu masaukin, wani ya rasu, wani ya koma gida. Fatahu, ɗan Ramalan namiji, ya bi masu neman zinariya arewa, sai a daɗe ba a ji muryarsa ba. Shekara ta zagayo Hassana ta rasu. Ramalan bai rufe ɗakin ba. Ya sayi tukunyar gaz, ya koyi dafa shinkafa da wake, yana yi wa baƙinsa da kansa, wani lokaci ta caɓe, wani lokaci ta yi tsatstsauri. Ba wanda ya taɓa yin ƙorafi.

Bayan ƙaramar salla ta 2023, cikin tsananin zafi, ya ɗora tukunya, ya ji ƙahon mota a bakin kwalta, ya fita ya ga ko akwai mai neman masauki. Iska ta kaɗa wutar ta kama zanar rumfa. Lauratu, matar Hamadi, ita ta fara ganin hayaƙin. Mata suka kashe wutar da yashi da ruwan wanki. Ba wanda ya ƙone, amma labari ya riga mu isa Damagaram.

Hadiza ta zo. Mace ce mai magana kaɗan, malamar makaranta, ta gaji taurin kan ubanta. Ta duba baƙar toka a tsakar gida, ta ce, "Baba, tattara kayanka."

Ya ce ba inda za shi. Ta ce ba shawara ta kawo ba. Suka yi ta ja har Hamadi ya shigo, ya zauna a tsakaninsu.

"Hadiza, ki ba mu shi zuwa Layya," ya ce. "Mu nan duk a tabarmarsa muka fara kwana. In kin dawo kin ga ba daidai ba, ni da hannuna zan ɗora kayansa a mota."

"Kawu, kuna da naku gidajen."

"Muna da su. Ta ƙofarsa muka same su."

Ta yarda, ba don ta gamsu ba. Ta karɓi lambata, ta ce ni zan riƙa gaya mata gaskiya.

Hamadi ya tara mu a ƙofar gidansa, ya tsara abin yadda ya iya tsara aiki. Yawancin mazan layin tsofaffin ƴan ma'adini ne, ba su ga wani baƙon abu a ciki ba. Aka raba yini zuwa pos-pos. Da safe Lauratu ta kai kunu, ta share gida. Abincin rana yana zagaya gidaje. Da yamma namiji ɗaya ya je ya zauna da shi. Wani mai kabu-kabu da ke haya a ƙarshen layi ya ɗauki kawo jarkokin ruwa. Ni aka ba ni maganin hawan jini da takardun likita da kiran Hadiza. Kuma ba mai barin pos ɗinsa sai ya gaya wa na bayansa abin da tsoho ya ci, da abin da ya sha, da yadda ya tashi.

In za a yi adalci, tsarin ya yi aiki. Gidan bai taɓa tsabta haka ba tun rasuwar Hassana. Magani bai ƙara tsallake rana ba. Ranar da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarkin da ke zuwa daga Anu Araren, garin ya yi kamar tanda, a kan babur ɗin mai kabu-kabu aka kai shi ɗakin wani mai batir da fanka, ya wuni a can.

Sai dai Hamadi ya kawo wata ƙa'ida daga ƙarƙashin ƙasa. A can, in inji ya yi ɓarna sau ɗaya, kashe shi ake yi, a sa masa kwaɗo, shef ya rataya makullin a ɗamararsa, kada wani ya tada shi da mantuwa. Konsinye suke ce wa wannan, kuma Hamadi ya rantse ta ceci hannuwa da ƙafafu da ba su ƙirguwa. Aka ɗauke tukunyar gaz aka kai gidan Lauratu. Aka sa wa madafi kwaɗo. Aka sa wa ɗakin baƙi. Sannan Hamadi ya je tasha shi kaɗai, ya ce wa Nura, babban ɗan kamasho, kada ya ƙara turo kowa gidan Ramalan. Wannan na ƙarshen daga baya muka sani. Dalilinsa ba na banza ba ne: baƙin yanzu ba irin na da ba ne, masu wucewa ne zuwa zinariya ko zuwa iyaka, ba wanda ya san asalinsu, tsohon kuma ba ya ganin fuska sai an matso.

Ramalan ya shafa kwaɗon da hannu.

"Shef, mene ne wannan?"

"Konsinye."

"Wayyo Bafillace. Ya ga ƙofa ya ɗauka shanu ne a ciki."

"Bawa ba ya tambayar makulli."

Suka yi dariya. Ramalan ya ɗauka ranar da baƙo ya zo za a buɗe.

Baƙo bai zo ba. Kullum in lokacin motar Agadas ya yi, sai ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha. Ya tsaya kusa da masu sayar da ruwa har mutane su watse. Nura ya zo ya gaishe shi ya ce, "Yau babu, Baba. Kowa da mai tarbarsa." Ya dawo gida, ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo. Ta katanga ina jin sandarsa tana zagaya tsakar gida. Kwanon abinci ya fara komawa da rabi, daga baya da fiye da rabi.

Lauratu ta ce wa mijinta, a gabana, da harshenta na Tawa, "Kwanon mutum guda kuka kai mai. Wanga tsoho yaushe rabon shi ci tuwo shi ɗai?"

Hamadi ya ga gaskiyarta, ya gyara yadda ya saba gyara: ya ƙara wa mai pos ɗin rana aikin cin abinci tare da tsoho. Ranar da zagayen ya zo kaina, na wanke hannu na zauna. Ramalan ya juyo da fuskarsa wajena.

"Sakatare, ci ka zo yi ko gadi?"

Na ce ci.

"To ci. In ka gama ka je ka ba da rahoto."

Daga nan ya fara bin tsohuwar hanyar kar ɗinsa da ƙafa. Ya je inda yake ɗaukar ma'aikata a da, ya tsaya, ya wuce na gaba. Wata rana mai kabu-kabu ya tsinto shi a hanyar Akokan, rana ta take, leɓɓansa sun bushe, yana cewa shi bai ɓata ba, hanyar ce aka sauya. Hamadi ya ƙara mutum a pos ɗin hantsi. Ramalan ya koyi fita lokacin da ake miƙa pos, sa'ad da mai tafiya da mai zuwa suke tsaye a ƙofa suna maganarsa. Da Hadiza ta kira, na gaya mata yana shan magani, gida tsaf, amma ba ya ci kuma ba ya zama. Ta ce Layya ta kusa.

Wata Juma'a bayan an sauko, ina gida, na ji muryarsa a layi ta sauya. Tsohuwar muryar ce, ta mai gida da ya taho da mutum.

"Bismilla, shigo. Ka kula da dokin ƙofa. Nan gidanka ne."

Na leƙa. Wani Buzu ne dogo, da rawani, da jakar fata da ɗan murhun shayi rataye a kafaɗa. Sunansa Ismaghil, makiyayi daga Gugaram. An kwantar da matarsa a likita, wato asibiti, ciki ya zo mata da wahala, shi kuma yana kwana a gindin katangar waje. A can Ramalan ya gamu da shi cikin yawonsa, ya ji shi yana tambayar inda ake samun ruwa, ya ce ya taso.

Ramalan ya ja shi har ƙofar ɗakin baƙi, ya miƙa hannu, hannun ya sauka a kan kwaɗo. Ina jin ya manta da shi sarai.

"Sakatare," ya kira ta katanga. "Makulli."

Na zagayo na ce yana wurin Hamadi. Na aika gidansa. Lauratu ta fito da kanta ta ce Hamadi ya tafi Akokan gaisuwar mutuwa, makullan kuma suna ɗamararsa, ko wanka zai shiga da su yake shiga. Na kira salularsa, ba ta shiga.

Muka tsaya a tsakar gida. Inuwar da ta rage ƴar siririya ce a jikin bango, don rumfar da ta ƙone ba a mayar ba. Ramalan ya nufi madafi ya ɗora ruwa, ya tarar da ɗaya kwaɗon. Ya dawo. Ya sake komawa ɗakin baƙin ya girgiza ƙyauren. Na ce a kawo baƙon gidana kafin Hamadi ya dawo. Ko juyowa bai yi ba.

"Ba komai, Baba," in ji Ismaghil. Hausarsa kaɗan ce. "Ni waje nake kwana kullum. Matana ne ba shi da lafiya, ni lafiya lau."

Ya tsuguna a ƴar inuwar, ya kwance murhunsa, ya zuba gawayi daga jaka, ya hura. Ya dafa shayi a natse, ya ɗaga buta ya zuba, ya miƙa wa Ramalan kofin farko da hannu biyu. Ramalan ya karɓa, don ba a mayar da shayi. Shekara arba'in yana shayar da mutane a gidan nan, yau baƙo ne ya hura wuta ya ba shi.

Gab da la'asar Hamadi ya shigo da sauri, makullai suna kaɗawa. Ya ga baƙon, ya dube ni.

"Wa ya turo shi? Ai na gaya wa Nura kada..."

Ya tsaya, amma magana ta riga ta fita.

"Ka gaya wa Nura me?" in ji Ramalan.

Hamadi ba maƙaryaci ba ne. Ya faɗa masa duka, da dalilansa. Ramalan ya saurara har ƙarshe. Na yi zaton zai yi faɗa. Sai ya ce, "Sakatare, kira mini Hadiza." Da ta ɗauka ya ce, "Ki zo ki ɗauke ni. Kada ki jira Layya." Ya miƙo mini salular.

Hamadi ya buɗe ɗakin nan take, ya share shi da kansa, ya shigar da jakar Ismaghil. Ya fito ya gwada wasa.

"To, bawa ya yi fushi da ubangidansa."

"Na gode, Malam Hamadi," in ji Ramalan. "Allah ya saka da alheri. Kun yi ƙoƙari."

Tun da nake ban taɓa jin ya kira shi Malam Hamadi ba. Hamadi ya juya ya fita.

Hadiza ba ta samu tasowa nan da nan ba, sai da ta nemi izini a lakwal, ga hanyar Agadas yadda ta lalace. A kwanakin jira Ramalan ya ɗaure kayansa a buhu biyu ya jingine a bakin ƙofa. Amma yana da baƙo. Washegari da sassafe ya je gidan Lauratu da ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka fara pos, ya tsaya a zaure ya yi sallama.

"Ki ƙara hannu a kunun. Ina da baƙo, kuma akwai mara lafiya a likita."

"To Baba. Da tsamiya ko da nono?"

"Mai jego ce za ta zama. Ki sa kanwa."

Kullum shi da Ismaghil suke tafiya likita, Ismaghil riƙe da kwano, Ramalan riƙe da hannun rigarsa. A can kuwa Ramalan ya san mai gadi, ya san wani ma'aikaci da shi Ramalan ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar ubansa a kar, ya san ƙofar da ake bi a samu magana da ungozoma. Da rana su ci tare. Kwanon ya riƙa komawa a sharce. Lauratu ta ajiye shi a gaban mijinta.

"Na gani," in ji Hamadi. "Wannan mutumin kirki ne. Na gaba fa? In wani ya danne tsohon nan ya kwashe gidan, wa zai tsaya gaban Hadiza? Ke ko ni?"

"Kai," ta ce. "In kuma ya tahi Damagaram ya mutu a bakin tabarma, nan ma kai."

Ranar da Hadiza ta iso, ƙafafunta sun kumbura da zaman mota, ta tarar da buhuna biyu a ƙofa, gida ba kowa. Lauratu ta ba ta ruwa, ta ba ta labari. Sai can ga Ramalan da baƙonsa sun dawo. Matar Ismaghil ta haihu ta hanyar aikin tiyata, ɗa namiji, amma an ce sai ta ƙara kwanaki.

Hadiza ta gaida ubanta, ta jira ya zauna.

"Baba, ka ce in zo."

"Na ce."

"To ga ni. Gobe akwai mota."

"Ina da baƙo. Ba a tafiya a bar baƙo a gida."

"Yaushe zai tafi?"

"Ba a tambaya."

Ta dube shi, ta dubi Lauratu, ta dafe goshi. "Na bar ƴaƴana da aji guda na ƴaƴan mutane. Na gyara maka ɗaki, na sa an yi shafe. Baba, ni ma ba a tambayata ko na gaji?"

Wannan ta taɓa shi. Ya lalubi hannunta ya riƙe.

Ta zauna kwanaki. Tana kallon fitarsu da safe, tana kallon cin abincinsu. Ni dai ban ga alamar ta sauko ba. Ta ce mini ɗakin ba ya cika kullum, ranar da Buzun ya tafi za a koma gidan jiya. Ta ce a maganar baƙin da ba a sani ba, tana bayan Kawu Hamadi.

Ranar da aka sallami mai jegon, wani mai mota ɗan Gugaram ya kwashe su. Da yamma Hamadi ya zo, ya ciro makullai biyu daga ɗamararsa ya ajiye a kan tabarma tsakanin uba da ƴa. Aka yi ciniki kamar a kasuwar dabbobi.

Hadiza ta ɗauki makullin madafi ta ce gaz ba zai dawo gidan nan ba. Ramalan ya ce to da me zai dafa wa baƙo. Lauratu ta ce daga bakin ƙofa, shi dai ya aiko ya ce mutum nawa, kuma a daina cewa an kawo wa Baba abinci, a ce ga abincin gidan Baba. Ya yi gunaguni, ya bari. Ya laluba ya ɗauki makullin ɗakin baƙi ya sa a aljihu, ya ce wannan ba a maganarsa. Hamadi ya ce zai koma wurin Nura ya janye maganarsa, amma duk wanda za a turo a biyo da shi ta ƙofarsa tukuna, ya ga fuskarsa, su gaisa. Ramalan ya ce gaisuwa kawai, ban da tambaya. Hamadi ya ce shi da ido yake tambaya.

"Saura ranar da ba kowa a ɗakin," in ji Hadiza. "Ba zan bar ka kana kwana kai kaɗai a gida ba. In ba a warware wannan ba, buhunan nan a ɗaure suke."

Hamadi ya ce mazan layi za su riƙa kwana bi da bi.

"Ba na son mai gadi," in ji Ramalan.

"Baba."

"Na ce ba na so. In baƙo ne, ya zo da tabarmarsa, ya tsaya a waje ya yi sallama, in ba shi ruwa, in nuna masa ɗaki. Kuma ba ya kai rahotona ko'ina."

Hamadi ya tashi ya fita. Muka ɗauka fushi ya yi. Jim kaɗan sai ga shi ya dawo ta tsakiyar layi, tabarma a naɗe a ka, buta a hannu, mata suna leƙowa suna dariya. Ya tsaya a ƙofar da ya yi shekaru yana shiga ba izini, ya yi sallama da ƙarfi.

Ramalan ya bar shi ya maimaita.

"Wane ne?"

"Baƙo ne, daga Abalak."

"Bafillace? Sakatare, ɓoye ƙwaryar nono, sannan ka ce ya shigo."

Hadiza ta koma ita kaɗai. Na raka ta tasha. Ta ce kada in ɗauka ta bar shi ne, ɗakin da ta gyara ba za ta ba kowa ba, kuma ranar da na ɓoye mata wani abu ta daina ɗaukar kirana.

Ban ɓoye ba. Baƙi suna zuwa jefi-jefi, ba kamar da ba, akasari masu jinya daga daji da masu jiran mota. Hamadi ya taɓa mayar da wasu samari biyu daga ƙofarsa, shi da Ramalan suka yi mako ba sa wasa. Yawon bai daina ba, sai dai yanzu tsakanin tasha da likita yake yinsa, inda kowa ya san shi. Idanun sun ƙara rufewa. A watan jiya ya faɗi a dokin ƙofa ya fasa goshi, wani mai jinya da ke ɗakin ya ɗaga shi ya kira mu. Na gaya wa Hadiza a ranar. Ta ce in an yi hutun lakwal za ta zo, kuma wannan karon ba ciniki.

Na isar masa da saƙon yana zaune ana sauya masa bandeji. Ya tambaye ni ko motar Agadas ta shigo. Na ce da saura. Ya ce in gaya wa Hadiza ta zo, amma ta sanar da wuri, don ba ya tada baƙo saboda wani baƙon.